Matasanmu Suna Sulalewa Daga Ikilisiya, Me Ya Rage Mu Yi?

Tambaya: Ni dattijo ne a ikilisiyarmu, kuma an ɗora mini kula da sashen matasa. Mun sayi kayan kiɗa, muna yin makon matasa kowace shekara, muna ɗaukar nauyinsu zuwa taron zumunta. Duk da haka, da zarar yaro ya gama sakandare sai mu daina ganinsa. Waɗanda suka rage kuma kullum kukansu shi ne ba a daraja su. Me ya kamata mu yi da ba mu yi ba?

Amsa: Baba dattijo, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya saka maka da ka damu har ka yi tambaya, domin ikilisiyoyi da yawa sukan ga bencin matasa yana raguwa su ce ai zamani ne ya lalace, maganar ta tsaya nan.

Kayan kiɗa, makon matasa da kuɗin tafiya taro duk abubuwa ne masu kyau, kada ku fasa. Sai dai ka dube su da kyau, dukansu abubuwa ne da kuka yi wa matasa. A cikin shekarun da na yi ina aiki da matasa da masu koyar da su, na ga cewa abin da ke riƙe matashi a ikilisiya shi ne amanar da aka damƙa masa, tare da babba da ke tsaye kusa da shi yana lura. Inda aka rasa wannan, ko an cika ɗakin sujada da kayan kiɗa, yaran za su kaɗa su na ɗan lokaci su tafi.

Ka lura da safiyar Lahadi a ikilisiyarku. Wa ke fara isowa? Wa ke share ɗaki, ya jera kujeru, ya ja wayoyi, ya gwada lasifika? Wa ke zama bayan an tashi yana kwashe kaya? Kusan ko'ina amsar ɗaya ce. To, sai ranar zaman majalisar dattawa. Shugaban matasa yana waje a zaune da takardarsa, ya yi sa'a biyu yana jira. Can sai a leƙo a kira shi. Ya shiga ya tsaya, ba a ce ya zauna ba, ya karanta shirinsu na shekara da kuɗin da suke nema. Wani ya ce kuɗin ya yi yawa, wani ya ce a zamaninsu ba a yin haka, shugaban zama ya ce, "Mun ji, je ka, za mu neme ka." Sakamakon kuma sai a wurin sanarwa zai ji shi tare da kowa. Idan wannan yaron ya ce ba a daraja su, abin da yake nufi ke nan: ana son ƙarfinsa, ba a neman hankalinsa. Shi kuwa a makaranta ko wurin aiki an riga an ba shi ragamar mutane da kuɗi, an kuma ga ya iya.

Duk makon matasa sai an karanta 1 Timoti 4:12, inda Bulus ya ce wa Timoti kada ya bar kowa ya raina ƙuruciyarsa, amma ya zama gurbi ga masu bi ta wurin magana, da hali, da ƙauna, da bangaskiya, da tsarki. Mukan danna wa matasa rabi na biyu na ayar, kuma daidai ne. Amma akwai wata aya da ba a cika karantawa ba, wadda mu manya aka rubuta wa. A 1 Korintiyawa 16:10-11 Bulus ya gaya wa ikilisiyar Korinti cewa idan Timoti ya zo, su tabbata ya zauna a cikinsu ba da tsoro ba, kada kowa ya raina shi, gama aikin Ubangiji yake yi kamar yadda shi Bulus yake yi. Wato Bulus bai bar yaron ya nemi mutuncinsa shi kaɗai ba. Ya sa sunansa da girmansa ya share masa hanya. Kuma dubi irin aikin da ya ba shi. Ya aike shi Tasalonika ya ƙarfafa masu bi da ke cikin tsanani. Ya aike shi Korinti, ikilisiyar da ta fi kowacce rigima. Ya bar shi a Afisa ya tsawata wa masu koyarwar ƙarya, ya kuma lura da irin mutanen da za a naɗa shugabanni. Duk wannan ya faro ne daga Listira, inda 'yan'uwa suka yi masa kyakkyawar shaida, Bulus ya ɗauke shi suka kama hanya tare, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16 ta nuna.

Lokacin da aka rubuta masa wasiƙar 1 Timoti, Timoti ya riga ya yi fiye da shekara goma yana bin Bulus, shi ya sa masana da yawa suke ganin ya kai shekara 30 ko ya ɗan wuce. Na kawo wannan ne don mukan haɗa mutane daban-daban a buhu ɗaya mu ce matasa. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙirga matashi daga shekara 15 zuwa 24, Yarjejeniyar Matasan Afirka ta 2006 kuwa ta kai shi har 35. Ɗan shekara 15 yana bukatar a koyar da shi a kuma tsare shi. Mai shekara 32, da mata da 'ya'ya biyu, wanda har yanzu ake ce masa yaro a zaman ikilisiya, abin da yake bukata kujera ce a inda ake yanke shawara.

Na san abin da wasu 'yan'uwanka dattawa za su ce, domin na sha jinsa: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma Littafi Mai Tsarki kansa ya hana a ɗora sabon tuba a kan shugabanci don kada girman kai ya kayar da shi (1 Timoti 3:6). Amma ka ga, sabon tuba aka ce. Yaron da aka haifa a ikilisiyarku, ya bi ta makarantar Lahadi, ya yi ajin baftisma, ya yi shekara goma yana cin Jibin Ubangiji, ya wuce wannan matsayi tuni. Sukan kuma kawo labarin Rehobowam a 1 Sarakuna 12, wanda ya ƙi shawarar dattawa ya bi ta samari, mulki ya tsage biyu. Ka buɗe 1 Sarakuna 14:21, za ka tarar Rehobowam yana da shekara 41 sa'ad da ya hau gadon sarauta. Nassin ya ce waɗanda ya saurara su ne waɗanda suka tashi tare da shi. Da alama mutum ne da ya girma a cikin sa'o'insa kawai, bai saba zama da manya ba, har ranar da babbar shawara ta zo masa. A ganina labarin gargaɗi ne ga ikilisiyar da ke ware matasa gefe guda, da sujadarsu da taronsu da shugabanninsu, har yaro ya yi shekara shida babu wani babba in ban da malaminsa da ya san sunansa. Titus 2 ta zana wani hoto dabam, inda tsofaffin mata ke koya wa matasan mata, ana gargaɗin samari, shugaba kuma yana nuna musu da halinsa. Sai ana cuɗanya wannan zai yiwu. Gefe guda kuma ga Yosiya, wanda ya hau sarauta yana da shekara 8, ya fara neman Allah yana da 16, ya fara rushe gumaka yana da 20, ya sa aka gyara Haikali yana da 26. Firist Hilkiya da magatakarda Shafan suna tare da shi a aikin.

To, yaya ake damƙa amana ba tare da an jefa yaro cikin ruwan da ya fi ƙarfinsa ba? Sannu a hankali, kuma da aiki na gaske. Charles Spurgeon, mai wa'azin nan na Ingila, ya tuba a 1850 yana da shekara 15. Wa'azinsa na farko a wani ɗan gida ya yi shi a ƙauye, gaban mutane kaɗan, domin wani dattijo mai tsara masu wa'azi ya ga baiwa a jikinsa ya tura shi. Yana da shekara 17 ya zama faston wata ƙaramar ikilisiyar ƙauye, a 1854 kuma yana da 19 aka kira shi Landan. Matakin farko ƙarami ne, amma mutanen da ke zaune a ɗakin nan rayuka ne na gaske. Haka George Williams yana ɗan shekara 22, ma'aikaci a kantin tufafi, ya tara abokansa a Landan a 1844 suka kafa ƙungiyar samari Kirista da ake kira YMCA. A 1881 wani fasto a Amurka, Francis Clark, ya fara ƙungiyar matasa a ikilisiyarsa bisa ƙa'ida mai sauƙi: matasan ne za su riƙa jagorantar taronsu, kowa kuma ya yi alkawarin zai buɗe baki ya yi wani abu a kowane taro. Cikin 'yan shekaru ta bazu zuwa ƙasashe da dama. William Smith, malamin makarantar Lahadi a Gilasgo, manyan yara maza sun gagare shi a aji, sai ya kafa Boys' Brigade a 1883, ya ba su horo da muƙamai, manyansu suna kula da ƙanana.

A ikilisiyarku wannan yana iya ɗaukar siffofi da yawa. Matashi ya karanta nassi, ya jagoranci addu'a ko ya yi wa'azi a Lahadin da ba ta makon matasa ba, bayan fasto ya zauna da shi sun bi saƙon tare, ya kuma sake zama da shi bayan an tashi. Idan za ka je gaishe da mara lafiya ko ta'aziyya, ka ɗauki saurayi ɗaya ku tafi, mama shugabar zumuntar mata ta ɗauki budurwa ɗaya. A can za su koyi abin da ba a koyarwa a aji: yadda ake zama da mai baƙin ciki, yaushe ake magana, yaushe ake shiru. Wanda ya karanta lissafin kuɗi a sa shi cikin masu binciken asusu. A ware wa matasa kasonsu a kasafin shekara, su kashe da hannunsu, su kawo bayani da rasit kamar kowane sashe. Idan tsarin mulkin ɗarikarku bai ba su ƙuri'a a majalisa ba, ba abin da ya hana a ba wakilai biyu, namiji da mace, kujera da damar magana daga farkon zama har ƙarshe. Kuma wani lokaci ku bar shawararsu ta wuce ko da ba ita kuka fi so ba, muddin ba ta saɓa wa nassi ba. In kullum taku ce ke ci, za su gane kujerar ta ado ce.

Za su yi kuskure, babu makawa. Nan ne ake gane ikilisiyar da ta san darajar matasanta. Yohanna Markus ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma Urushalima a tsakiyar aiki. Da za a sake fita, Bulus ya ce ba za a tafi da shi ba, Barnaba ya nace, gardama ta yi zafi har suka rabu, Barnaba ya ɗauki yaron suka nufi Kubrus (Ayyukan Manzanni 15:36-39). Shekaru bayan haka, Bulus yana kurkuku, ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi wajen hidima. Kowace majalisar dattawa tana bukatar mutum irin Barnaba, kuma tunda kai aka ba sashen matasa, Baba, ina ganin kai ne.

Wurin da abin ya fi yi mini zafi shi ne horon ikilisiya. Yarinya ta yi ciki ba aure. Aka kira sunanta a gaban jama'a, aka cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, aka mayar da ita bencin baya. Tana zuwa a makare ta zauna kanta a sunkuye, ana addu'ar rufewa ta fice kafin a haɗa ido da ita. Wata shida babu dattijo ko mama ɗaya da ta taka zuwa gidansu. Wanda ya yi mata cikin kuwa, sau da yawa ba a ko ambaci sunansa ba, balle in ɗan wani babba ne. Sauran matasan suna kallon duk wannan, suna kuma koyon darasi biyu: in ka faɗi ka ɓoye, kuma hukunci na marar gata ne. Ban ce a daina horo ba, zunubi zunubi ne, kuma ikilisiyar da ba ta tsawatarwa ba ta ƙaunar 'ya'yanta. Amma Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda aka kama da laifi cikin ruhun tawali'u. A 2 Korintiyawa 2:6-8 Bulus ya ce hukuncin da aka yi wa mai laifin ya isa, yanzu a yafe masa a ta'azantar da shi don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Duk ranar da kuka sa wani ƙarƙashin horo, a ranar ku naɗa wanda zai riƙa ziyartarsa kowane mako, ku faɗi abin da ake jira a gani, ku kuma karɓe shi a fili kamar yadda kuka hore shi a fili.

Sai batun tambayoyi. Matashin yau yana da waya a hannu, kuma kafin Lahadi ta zagayo ya ji masu wa'azi iri-iri da masu musun bangaskiya a intanet. Zai zo da tambaya a kan wahala, a kan kimiyya da halitta, a kan Allah-Uku-Cikin-Ɗaya, a kan inda kuɗin baiko ke tafiya. In aka ce masa rashin bangaskiya ne ke damunsa, ba zai daina tambaya ba, wurin tambayar kawai zai sauya. Toma ya yi mako guda yana shakkar tashin Ubangiji, kuma a tsakiyar almajirai ya yi makon, ba su kore shi ba, har Yesu ya zo ya nuna masa hannuwansa. Asaf a Zabura 73 ya faɗa da bakinsa cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna cin nasara, aka kuma bar wannan a cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Ku ware lokacin da za a rubuta tambaya a takarda ba suna, fasto ya amsa tsakani da Allah, wadda ta fi ƙarfinsa ya ce zai bincika, ya kuma dawo da amsa. Ko cocin Katolika, da girmanta, kafin taron bishop-bishop na Oktoba 2018 a kan matasa, sai da ta tara matasa wajen 300 a Roma a watan Maris ta saurare su, har da waɗanda ba Katolika ba.

Yanzu ga ainihin inda ka ce suna ɓace muku, wato bayan sakandare. Wannan gaɓa ce da aka san da ita ko'ina. Yaro ya bar gida zuwa jami'a ko koyon sana'a ko neman aiki, babu mai tashinsa da safiyar Lahadi, babu wanda ya san shi a sabon wuri. Yawancinsu ba su yanke shawarar barin bangaskiya ba. Lahadi ɗaya ce ta wuce, ta biyu ta bi, babu wanda ya tambaya, sai abin ya zama jiki. Maganin yana da sauƙi, ƙwazo kawai yake so. Kafin su tafi a kira su gaba a yi musu addu'a da sunayensu. A rubuta inda kowa zai je. Fasto ya kira wani fasto ko shugaban zumuntar ɗalibai a can ya ce ga ɗanmu nan zuwa, kamar yadda Bulus ya gabatar da Fibi ga ikilisiyar Roma ya ce su karɓe ta su taimake ta da duk abin da take bukata (Romawa 16:1-2). Kowane ɗaya a ba shi babba guda, ban da iyayensa, wanda zai riƙa kiransa ko da sau ɗaya a wata. In ya dawo hutu a ba shi abin yi tun makon farko.

Waɗanda ba su tafi ko'ina ba kuma, sau da yawa kunya ce ke hana su zuwa. Sa'o'insa sun sami makaranta shi bai samu ba, ko ya gama shekara uku ba aiki, kowace Lahadi ana tambayarsa "Yaya, har yanzu shiru?" ga kwanon baiko yana wucewa ta gabansa hannunsa wayam. Yakubu 2:15-16 ta yi mana kashedi a kan sallamar mabukaci da fatan alheri kawai. Makarantar Lahadi da Robert Raikes ya yaɗa a Ingila tun daga 1780 ta fara ne da koya wa yaran da ke aiki kwana shida a mako karatu, domin bukatarsu ke nan a lokacin. Ikilisiya ba za ta iya ba kowa aiki ba, amma a cikin membobinku akwai masu sana'a, malamai, 'yan kasuwa da ma'aikata. Ku san wa zai iya ɗaukar ɗan koyo, wa zai duba wa yaro takardar neman aiki, wa zai koyar da masu sake jarrabawa da yamma.

Kada ku manta da 'yan mata, domin in ana maganar matasa samari ne suka fi zuwa zuciya. Roda, wata yarinya mai hidima a gidan da ake addu'a, ta zo da labarin gaskiya cewa Bitrus yana bakin ƙofa, masu addu'a suka ce ta haukace. Yarinyar da ke yi wa matar Na'aman hidima kuwa an saurare ta, jarumin Suriya ya warke daga kuturta. Daraja su ya haɗa da tsare su. Kada babba ya keɓe da yaro ko yarinya a rufaffen ɗaki da sunan shawara ko addu'a, kowane zango ko tafiyar kwana a sami manya maza da mata. In yarinya ko yaro ya kawo ƙarar cin zarafi, a saurare shi, a janye wanda ake zargi daga aikin yara nan take, a kai maganar ga hukuma. Rufa asiri don kare sunan ikilisiya zunubi ne a kan zunubi, kuma Matiyu 18:6 ba ta bar mana wurin ɓuya ba.

Rigimar kiɗa da sutura ba zan daɗe a kanta ba. Ku bambanta abin da nassi ya hana da abin da kunnenku bai saba da shi ba, ku koya musu tsofaffin waƙoƙi da ma'anarsu, ku kuma koyi nasu in kalmomin suna da gaskiya.

In da ni ne kai, kafin zaman majalisa mai zuwa zan zauna da shugabannin matasa mu rubuta sunayen duk waɗanda aka daina gani cikin shekara biyu da suka wuce. Su sun san su, sun kuma san dalilan da yawansu. Sai in raba sunayen tsakanin dattawa da iyaye mata, kowa ya je da ƙafarsa ko ya kira, ba da faɗa ba, ya ce, "Ɗana, mun daina ganinka kuma abin ya dame mu, me ya faru?" Ya saurara har ƙarshe ko da maganar ta taɓa shi, kada ya kare kansa ko fasto. Abin da aka ji a kawo shi majalisa ba tare da sunaye ba, wakilan matasa suna zaune, a zaɓi abu ɗaya ko biyu da za a gyara cikin wata uku, a kuma koma wa waɗanda aka ziyarta a gaya musu abin da aka yi da maganarsu.